Waye zai sassaƙa bakan da 'yan baka za su riƙe gobe?

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata sana'a da ke sulalewa daga hannunmu ba wanda ya ce uffan, wato sassaƙar baka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ya ga 'yan baka suna tafe a ƙasa cikin ayarin sarki, kwari a kafaɗa, baka a hannu, layu da guraye sun rufe musu damatsa. Jama'a kan ɗauke su hoto su juya ga dawaki. Ni kuwa bakan nake bi da ido, domin sassaƙa shi ne abin da nake yi a lokacin hutuna tun ina koyarwa, har yanzu da na yi ritaya. Da yawa daga cikin waɗanda idona ya kai gare su na gado ne, itacen ya tsufa ya tsattsage, an ɗaure da waya ko robar tayar keke. Sababbin kuma sau da yawa sanda ce kawai aka tanƙwara aka ɗaura mata igiyar leda, wadda in aka ja ta da gaske, ko ta karye ko ta zubar da kibiyar a gaban mai ita. Ba laifin masu riƙe da su ba ne. Masu yi musu ne suka ƙare. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa, muka yi murna, kuma ya dace mu yi. To amma hawa ba doki da alkyabba ne kaɗai ba. Kowane abu da ke cikin ayarin nan akwai hannun da ya yi shi, in hannun ya tafi, ado ne kawai zai rage.

Na koya a wurin wani dattijo maharbi a ƙauyen kakannina, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ranar da na durƙusa na ce, "Baba, so nake a koya mini baka," sai ya dube ni ya ce, "Malam, harbin ko sassaƙar? In harbi ne ga yara nan su nuna maka." Da na ce sassaƙar, bai ba ni wuƙa ba, bai ba ni gizago ba. Daji ya ja ni muka shiga, ya ce in fara sanin itace.

Ba kowane itace ke yin baka ba, ba kuma ƙarfi kaɗai ake nema ba. Kuka da rimi sun yi taushi, ba ma a maganarsu. Wani itacen kuma ga tauri kamar me, amma da an lanƙwasa shi sai ya ce ƙas. Wanda ake so shi ne mai yarda ya tanƙwaru ya kuma koma yadda yake da sauri. A wajenmu Baba ya fi yarda da ɗunɗu, ɗan itacen nan mai ƙaya, mai fure kala biyu, rabi ja-ja rabi rawaya, wanda awaki ke rububin murɗaɗɗun 'ya'yansa. Itacensa mai nauyi ne, ƙwari ba sa saurin cin sa, sai dai samun reshe miƙaƙƙe mai tsawon mutum a jikinsa aiki ne, kana iya duba ɗari kafin ka ga ɗaya. Sai dargaza, wadda aka fi sani da ɓawonta mai yauƙi da ake yin igiya da shi. Ta fi ɗunɗu sauƙin sassaƙa, ta fi shi haƙuri da hannun ɗan koyo, kuma ita nake ba duk wanda zai fara. Mutanen kudancin Kaduna da jihar Neja suna da gora, gorarmu kuwa mai kauri ce, cikinta kusan a cike yake, tana yin baka mai sauƙin ɗauka.

Abin da ake dubawa a daji shi ne reshe mai kaurin wuyan hannu, mai tsawo daga ƙasa zuwa haɓa ko fiye kaɗan, ba ƙulli, ba ramin tsutsa. Sannan a bi zanen ɓawon da ido daga gindi zuwa sama. In zanen ya miƙe, zaren itacen a miƙe yake. In yana zagaya reshen, to cikin ma a murɗe yake, kome kyansa a bar shi a wurin. Wannan kaɗai ya ɗauke ni lokaci mai tsawo kafin idona ya faɗa, domin daga nesa duk reshe miƙaƙƙe ne.

Bayan ɗaukewar ruwa ake sara. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan gaɓar haka yake: in reshen yana da ɗan karkata, tun a ranar ake ɗaure shi a jikin miƙaƙƙen azara da igiya wuri huɗu ko biyar, ya bushe a haka. Amma daga nan ba a ƙara lanƙwasa shi sai ya bushe ƙayau. Bakan da aka ja da ɗanyen itace lanƙwasar takan zauna masa, ko an cire tsirkiya ba zai miƙe ba, ƙarfinsa kuma ya tafi ke nan har abada. Bushewar ma da nata sharaɗi. Iskar hunturu tana zuƙe ruwan bakin itace kafin na tsakiya ya fito, shi ya sa yake tsagewa daga kai. Maganinsa a toshe bakin biyu da kakin zuma, ko ragowar fenti in ba kaki, a ɓare ɓawon a hankali kada wuƙa ta taɓa naman itacen, a ɗora shi sama cikin inuwa inda gara ba za ta kai ba. Baba yakan ƙwanƙwasa ya saurara, ya ce ya yi ko bai yi ba. Ni da kunnena bai kai nasa ba, sikeli nake aro wurin mai shago in riƙa aunawa lokaci-lokaci ina rubutawa da alli a bango. In nauyin ya daina raguwa, itace ya bushe. Reshe siriri yakan yi cikin 'yan watanni, mai kauri yakan nemi shekara.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma ina roƙon masu karatu su yi haƙuri da ni in ɗan daɗe a nan.

Baka yana da baya yana da ciki. Baya shi ne gefen da ke fuskantar abin hari, ciki shi ne mai fuskantar maharbi. Idan aka ja tsirkiya, zaren itacen da ke baya miƙewa yake yi, na ciki kuma matsewa. Saboda haka baya ba a taɓa shi. Yadda Allah ya halicce shi ƙarƙashin ɓawo, haka za a bar shi daga kai zuwa kai. Yanka ɗaya a kwance, ko da na kaurin farce ne, nan bakan zai tashi wata rana, kuma ba ya yin sallama. Duk rage-ragen da za a yi a ciki da gefe ake yinsa. Da gizago ake farawa a fitar da siffa, tsakiya da kauri inda hannu zai kama, sannan ya riƙa sirancewa zuwa kawunan biyu. Daga gizago sai wuƙa, daga wuƙa sai magagari. In an zo ƙarshe duk a ajiye su, a ɗauki fasasshiyar kwalba. Ban ga abin da ya kai ta ba. Ka riƙe ɓallin da yatsu uku, ka ɗan kwantar da shi, ka jawo shi zuwa gare ka, sai ka ga itacen yana fita siriri yana nannaɗewa, in ka ɗaga shi ga haske kana hango yatsanka ta ciki. Wurin da ka kankare ya yi sumul yana sheƙi, ba ya ma bukatar a goge.

Dalilin wannan taka-tsantsan lissafi ne, kuma shi nake fara koya wa yaran da ke zuwa wurina. In ka ninka faɗin itace sau biyu, taurinsa wajen lanƙwasa sau biyu zai ƙaru. Amma in kaurinsa ka ninka sau biyu, taurin sau takwas zai ƙaru. Ke nan ɗan abin da ka kankare daga ciki, wanda ko a tafin hannu bai cika ba, yana iya mayar da bakan babban mutum na yaro. Abin da aka cire kuma ba ya komawa. Baba bai shiga aji ba, amma hannunsa ya san wannan ƙa'ida sarai. In ya ga na ɗauki wuƙa a inda ya kamata in ɗauki kwalba, sai kawai ya miƙo hannu ya karɓe ta.

A bangon zaurena na kafa wani katako a tsaye, na yi masa ƙoramu, wato gurabun maƙala igiya, a jere, tsakanin kowace da 'yar'uwarta faɗin yatsu uku. A samansa nake kwantar da bakan, in sa masa doguwar igiya sako-sako, in jawo ta ƙasa in maƙala a ƙorama ta farko. Sai in ja da baya har ƙofar zaure, in tsuguna, in duba. Abin da ake so shi ne hannuwan bakan biyu su sauko daidai, kuma kowane taƙi na itacen ya ɗauki rabonsa na lanƙwasa. Inda ya tsaya sanƙarau a sa masa alama da gawayi, nan za a kankare. Inda ya fi sauran lanƙwasa, kamar gwiwa na neman fitowa, a zagaye shi da alli, ba a ƙara taɓa wurin sai sauran jikin ya iso shi. A sauke, a kankare kaɗan, a ja shi a hankali sau ashirin ko talatin don itacen ya san an rage shi, a mayar, a sake tsugunawa. Sai ya yi kyau a wannan ƙoramar za a sauka ta gaba. Haka za a yi ta yi har a kai tsawon jan mai bakan, wanda ga yawancin manya yake kusan santimita 70. Ina rataya sikelin ƙugiya a igiyar don in san nauyin ja. Na harbin buhu, wato harbin gwaji ba na farauta ba, kilo 18 zuwa 20 ya ishi babba, na yara kilo 7 zuwa 9. Ba a taɓa jan baka fiye da nauyin da ake nufin ya tsaya a kai, ko da sau ɗaya don gwaji.

Ina da jika 'yar aji biyar a firamare, ita ce idona a wannan aiki yanzu. Takan tsaya a bakin ƙofa ta karkata kai ta ce, "Kaka, na hagu ya fi na dama taurin kai, daga nan zuwa nan." In na auna da zare sai in tarar yadda ta faɗa haka yake. Ina faɗin wannan ne don masu ganin abin na maza ne ko na masu ƙarfi. Ido da haƙuri yake so.

In ya kammala sai a shafe shi da man kaɗe, a ɗan gasa a nesa da garwashi ya sha, a maimaita. Tsirkiya a da da fata ake yinta: a jiƙa, a yanka siririn zare a kewaye tun daga gefe har tsakiya, a murɗa, a rataya da dutse a ƙasa ta bushe. Tana da ƙarko, sai dai da damina takan saki. Ni na fi amfani da zaren masu ɗinkin takalmi, in haɗa silili da yawa in murje da kaki. In an ɗana, tazarar tsirkiya da tsakiyar baka ita ce dunƙulen hannu da babban yatsa a tsaye. Dokoki uku nake kafa wa duk wanda na ba baka: kada ya saki tsirkiya ba kibiya a kai, kada ya bar shi a ɗane in ya gama, kada ya ba wanda ya fi shi dogon hannu ya ja.

Kibiya kuwa ta kyauro ce, daga fadama, a gyara mata karkata a kan garwashi, a naɗe bakinta biyu da jijiya don kada ta tsage. Kibiyar ƙasarmu gajera ce kuma ba a sa mata gashin tsuntsu, nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke riƙe ta a miƙe. Ba a nesa ake harba ta ba, kuma ba zurfin rauni aka dogara da shi ba, dafin da ake haɗawa da kwankwani shi ne mai aikin. Wannan fanni ban shige shi ba, ba na kuma koyar da shi, don mai harbin buhu ba ruwansa da dafi. Maƙerin unguwarmu dasassun kawuna yake yi mini, ba kunne, wasu kiban kuma nakan liƙa musu gashin talo-talo don su yi nisa. A lura da yawan hannuwan da ke cikin kaya ɗaya: masassaƙi ya yi baka, maƙeri ya yi kan kibiya, majemi ya jeme fata, baduku ya ɗinka kwari. In baka ya mutu, kowannensu ya rasa wani yanki na aikinsa da na saninsa.

Malam Edita, ba ƙaramin abu ba ne muke bari ya tafi. A watan Yuni na 1804, a Tafkin Kwatto, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifida, jama'ar Shehu Usmanu kuwa, ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ba su wuce ashirin ba. Akasarinsu 'yan ƙasa ne masu baka da kwari, kuma su suka tsayar da dawakin. A 1899, a Lugu ta ƙasar Arewa cikin Nijar ta yau, mutanen Sarauniya Mangu da kibau suka tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine mai bindigogi. Muna karantar da yaranmu sunayen sarakuna da sarakunan yaƙi, daidai ne. Amma ni duk lokacin da na karanta labarin Kwatto, abin da ke zo mini shi ne, kowane baka da aka ja a ranar akwai wanda ya shiga daji tun bara ya zaɓi reshensa, ya jira shi ya bushe, ya zauna ya kankare. Tarihi bai riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Iliminsu bai shiga takarda ba, daga hannu zuwa hannu ya biyo har ya iso irin su Baba, kuma irin su Baba 'yan kaɗan suka rage.

Ta fuskar addini ma abin yana da asali. Muslim ya ruwaito daga Uƙubatu ɗan Amir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karanta ayar tanadin ƙarfi ta Suratul Anfal a kan mumbari, ya ce ƙarfi shi ne harbi, har sau uku. Buhari ya ruwaito cewa ya wuce wasu mutane suna gasar harbi ya ƙarfafa su, ya ce babansu Isma'ila maharbi ne. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka kawo, wanda ya halatta sa lada a gasar abu uku: kibiya, raƙumi da doki. Sukuwar dawaki mun riƙe ta, tseren raƙuma yana nan a ƙasar Abzin. Ta kibiyar ce muka yar.

Wasu al'ummu ba su yar da tasu ba. A Ingila wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Mary Rose ya nutse a 1545, aka ɗago shi a 1982, aka samu dogayen bakunkuna fiye da ɗari a ciki. Ba su tsaya ga sa su cikin gilashi ba. Sun auna tsawo da kauri na kowanne, sun gano itacen, sun buga, har yau masu sha'awa suna sassaƙa irinsu a bayan gidajensu suna gwadawa. Turkiyya ta farfaɗo da harbinta na gargajiya bayan ya kusa mutuwa, a 2019 UNESCO ta karɓe shi. Maƙwabciyarmu Chadi ta tura maharbi, Israel Madaye, gasar Olamfik ta Faris a 2024, ya tsaya a fili ɗaya da zakaran Koriya ta Kudu yana harbi daga mita 70. Bai yi nasara ba, amma ya je, da tutar ƙasarsa. Mu da muke da sarautar Sarkin Baka gari-gari, me zai hana? Roƙona ga gidajen tarihinmu, irin su Gidan Makama a Kano da gidan tarihin Kanta a Argungu da na Boubou Hama a Yamai, shi ne duk tsohon bakan da ke hannunsu a auna shi, a rubuta tsawonsa da kaurinsa a tsakiya da kawuna, da irin itacen, da garin da ya fito, a ba mai nema. Aikin magwaji ne da littafi, ɗalibi ɗaya mai himma zai iya.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini a fuska: a wannan zamani na rashin tsaro, dattijo kamarka yana koya wa yara yin makami? Ba na raina wannan magana. Mun binne 'yan'uwa, akwai garuruwan da ba a noma a cikinsu, duk wanda ya tsorata yana da hujja. An taɓa tsayar da ni a wani shingen bincike saboda sandunan dargaza da na ɗauro a mota da baka ɗaya a kansu, aka sauke ni, aka yi ta tambaya, sai da na kwance kayan na nuna dasassun kawunan kafin a ce in tafi. Ban ji haushinsu ba, aikinsu suke yi. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Waɗanda suka hana mu barci a kan babura suke zuwa da bindigogin AK-47. Ba ɗayansu da zai zauna jiran itace ya bushe. Yaron da ya yi watanni yana kankare reshe ɗaya da kwalba, yana sanin cewa gaggawar minti ɗaya za ta ɓata masa aikin duka, ba shi ne abin tsoro a unguwa ba. Na ga yaran da malamansu suka gaji da su a aji sun zauna a zaurena tun daga la'asar har kiran magariba ba wanda ya ce su natsu.

Duk da haka na yarda a yi shi bisa tsari. Ni kaina sai da na je na gaya wa mai unguwa, na gaida Sarkin Bakan garinmu na nemi izininsa, kuma ba yaron da ke shiga zaurena sai mahaifinsa ya zo da kansa. Ba mai fita da kibiya waje. Muna harbi ne a wani kango mai doguwar katanga a baya, abin harinmu buhu ne cike da tsummoki, ba mai wuce layi sai kowa ya ajiye baka. Ba ma harbin tsuntsu, ba ma harbin ƙadangare. Namun dajinmu sun riga sun ƙare, barewar da kakanninmu suka yi farauta yau sai a hoto, ba zan ƙara wa abin da ya rage masifa ba. Da masarautu za su ɗora wa Sarakunan Baka wannan nauyi, su san masu yi, su ware fili, su sa gasar harbin buhu a ranakun Sallah kusa da dambe da kokawa, da an samu tsari da farfaɗowa a lokaci guda. Nijar ta nuna abin yana yiwuwa: tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, zama zakaran gasar, wanda ake ba takobi, ya zama abin da kowane yaro ke mafarki. Ba kuɗi mai yawa harbi ke ci ba, buhu ne da fili da alƙali mai gaskiya.

Sai maganar itace, wadda ita ta fi ba ni tsoro. Inda Baba ya nuna mini dargaza a da, yau gona ce, bayan gonar kuma ramukan masu gawayi ne. Marke da ƙirya sun fara tafiya, yanzu har ƙananan itatuwa ba a bari. Fadamun da ake yankan kyauro sun koma shinkafa da albasa, ba kuma zan ce manomi ya yi laifi ba, abinci yake nema. Mai baka ba ya kashe itace. Reshe ɗaya yake ɗauka, kututturen ya sake tofo, tofon nan kuwa shi ya fi fitowa a miƙe, bayan 'yan shekaru ga wani bakan. Tun 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin nan na dasa ganuwar itatuwa don tare hamada, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, yana aiki a jihohi 11 na arewa. Ina roƙon masu wannan aiki, da masu gandun daji na jihohi, su sa irin waɗannan itatuwa namu cikin abin da suke renawa. Dargaza tana ba da igiya, ɗunɗu yana ciyar da awaki yana riƙe ƙasa, ba don baka kaɗai za a shuka su ba.

Kai kuma, Malam Edita, kana da wakilai a Sakkwato da Katsina da Bauci da Damagaram. Ka tura su wurin Sarakunan Baka su tambaya waye ya rage mai sassaƙa. In an same shi a zauna da shi, ba hirar minti biyar ba. A bi shi daji a ga abin da yake zaɓa da abin da yake tsallakewa, a ɗauki hoton hannunsa yana aiki, a rubuta sunayen da yake kiran kowane sashe na baka da su, don kowace ƙasa da nata.

Ga masu karatu kuma da ke da tsohon baka rataye a ɗakin kaka, don Allah kada a ɗana shi, kada a ba yara su gwada. Itacen da ya yi shekaru bai lanƙwasa ba, ja ɗaya zai karya shi. A share masa ƙura, a shafa masa man kaɗe kaɗan, a kwantar da shi a sama nesa da gara da ɗigar ruwa. In akwai dattijon da ya san wanda ya yi shi da itacen da aka yi shi da shi, a tambaye shi tun yana nan, a rubuta a takarda a ɗaura a jikin bakan. Wanda kuma yake son farawa, ya sari sandarsa da kaka ta bana, ya toshe bakinta, ya ɗora sama. Ya sari biyu ko uku, don ta farko ba kasafai take kaiwa ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta mai sassaƙar baka,
daga ƙasar Katsina.